Ɗan Kifin Gaba Arba'in

Tun a cikin jirgin ruwan da ya ɗauko mu daga Darussalam zuwa Unguja, babban tsibirin Zanzibar, na fara nuna wa mutane hoton, sai ka ce mai cigiyar yaron da ya ɓata a kasuwa. Wani ɗan kifi ne da bai fi tsawon yatsata manuniya ba, kansa da rawaya-rawaya, gefen jikinsa kuma an zane shi da shunayya, zane na shiga cikin zane kamar saƙar raga. Mutumin da muke kujera ɗaya da shi ya karɓi wayar, ya kai ta kusa da ido, ya miƙo min, sannan ya tambaye ni cikin Turancinsa na kasuwa ko sayar da irinsu nake yi. Na ce a'a, wajensa na zo. Ya ce a ina yake? Na ce a nan ƙasarku. Ya yi dariya har da dukan cinya, ya ce shekara hamsin yana cin kifin Unguja, bai taɓa haɗuwa da wannan ba.

Aiki ne ya kai ni Tanzaniya, wani taro na kwana biyar. Da aka tashi, abokan tafiya suka nufi kasuwar Kariakoo sayen tsaraba, ni kuwa na ɗage tikitin komawata da kwana huɗu na sayi na jirgin ruwa. Dangin mahaifiyata masunta ne a Yawuri. Kakana da ƙannensa a bakin Kwara suka tsufa, kuma ko da boko ya raba ni da kwale-kwale tun ina ƙarami, bai raba ni da wata ɗabi'a ta gidan ba: ba na iya ganin kifi in wuce ban tambayi sunansa ba. Giwan ruwa, tarwaɗa, ƙurungu, yauni, gargaza, duk na haddace su kafin in haddace Ƙulhuwallahu.

To, a 2019 na ci karo da labarin cewa an gano wani sabon kifi a gaɓar Afirka ta gabas, an raɗa masa Cirrhilabrus wakanda. Wakanda dai ita ce ƙasar nan ta almara da ke cikin fim ɗin Black Panther, wadda ba ta kan taswirar kowa. Masu raɗin sunan su huɗu ne: Luiz Rocha da Hudson Pinheiro da Bart Shepherd na Cibiyar Kimiyya ta Kalifoniya da ke San Faransisko, sai Yi-Kai Tea, wanda a lokacin yake karatun digirin digirgir a Jami'ar Sidni ta Ostareliya. Shunayyar jikinsa ce ta tuna musu da rigar jarumin fim ɗin, ga kuma mazauninsa ɓoye yake kamar waccan ƙasa. A gabashin tsibirin Unguja suka same shi, tsakanin zurfin mita 50 zuwa 80. Wani abu da ya ba su mamaki shi ne, yawancin kifaye in an jefa su cikin ruwan barasar da ake adana samfuri, launinsu yakan koɗe su koma fari fat, shi kuwa wannan shunayyarsa ta ƙi fita.

Tun daga gida na san ba zan gan shi ba. Mutumin da rabonsa da iyo tun yana ajin firamare ba shi ne zai nutsa mita saba'in ba. Amma mutum yakan je ƙofar fada ya dawo bai ga sarki ba, kuma ba a ce bai je fada ba.

Tsallakawar sa'a biyu ce. A tashar sai da aka sake duba fasfo da katin rigakafin shawara, duk da cewa ƙasa ɗaya ce tun haɗewar Tanganyika da Zanzibar a 1964. Tsohon garin, wanda suke kira Mji Mkongwe, an sha ba da labarinsa: lungunan da mutum biyu sai sun goga kafaɗa, ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, wurin da aka ci kasuwar bayi har zuwa 1873. Ni abin da ya fi kama ni a kunne yake. Suna cewa habari, mu labari. Asubuhi, asuba. Sabuni, sabulu. Karafuu, kanumfari. Larabci ne ya raba mana gado, mu namu ya zo ta Sahara a kan raƙumi, su nasu ya zo ta teku. Kafin la'asar har na fara jin kaina rabin Basuwahile, kuma wannan jin kan ne ya kayar da ni bayan kwana ɗaya.

Washegari daga masallaci na zarce kasuwar kifi ta Malindi, dab da tashar jiragen ruwa. Ana ta jido kifi daga kwale-kwale ana zubewa a kan daɓen siminti, wani mutum na tsaye a tsakiya yana kiran farashi, jama'a na ɗaga murya. Na tambayi sunan aikinsa aka ce dalali. Jodari ne manya-manyan masu jiki kamar an goge ƙarfe, nguru dogaye, changu, tasi, kolekole, sai tulin dagaa, 'yan mitsi-mitsin da ake shanyawa, da pweza mai hannu takwas wanda na kasa kallo sau biyu. Na yi ta rubuta sunaye a bayan tikitina har wuri ya ƙare.

A can gefe wani dattijo na zaune a kan bokiti yana kankare ɓawon kifi da wani ɗan katako mai ƙusoshi. Na russuna na ce masa shikamoo, kamar yadda aka koya min a gaida babba, ya amsa da marahaba. Wani yaro ɗan makaranta ya tsaya mana tafinta. Dattijon ya goge hannu a zaninsa, bai yarda ya taɓa wayar ba, ya dai sunkuyo ya daɗe yana kallo.

"Pono ne," in ji shi. "Ƙaramin pono. Amma ɗana, wannan ba ya shiga tarkonmu."

Pono a wurinsu suna ne mai faɗi, ya ɗauke kifayen nan masu baki kamar na aku da ke gurgurar dutse, ya ɗauke 'yan uwansu ƙanana masu launi-launi. Kuma bai kuskure ba, don masana ma a babban gida ɗaya suke zuba su. Yaron ya ƙara min da cewa in mutum ya cika nauyin barci, a nan sai a ce yana barci kamar pono. Wannan magana ta yi min daɗi ƙwarai, saboda na san abin da ke bayanta. Da yawa daga cikin kifayen nan, har da dangin wanda na zo nema, in dare ya yi sukan shige ramin dutse su fitar da wata yauƙi su lulluɓe kansu da ita kamar gidan sauro, su kwanta ko motsi babu. Masuntan da suka yi wannan karin magana ba su karanta littafin kowa ba, da dare suka gan shi da idonsu.

Dangin nasa na kusa, wato Cirrhilabrus, wajen iri sittin ne, daga Bahar Maliya har tsakiyar tekun Fasifik. Ba sa zama a cikin kyakkyawan murjani inda masu yawon buɗe ido ke ɗaukar hoto. Sun fi son gangaren da ɓaraguzan mataccen murjani suka taru, su tashi sama kaɗan suna tsintar ƙananan halittun da ruwa ke kawowa, da sun ji motsi su faɗa cikin tsakuwa. Namiji ɗaya ne da garken mata. Abin da kakana ba zai yarda da shi ba ko da na dafa masa Alƙur'ani shi ne, shi wannan namijin a mace ya fara rayuwa. In maigidan ya mutu, babbar cikin matan sai jikinta ya juya, launinta ya canza, ta zama namiji ta ci gaba da riƙon gida. Idonsu ma daban yake, fatar gilashin da ke gaban ƙwayar rabe take gida biyu, ana kyautata zaton ɗaya ɓarin na duba abu na kusa ne.

Da hantsi na shiga dala-dala daga Darajani, motar nan mai benci biyu a baya da rufi gajere, gwiwa na gugar gwiwa, buhun gawayi a sama. Muka ratsa dajin Jozani, inda jajayen birai ke zaune a kan rassa a gefen titi ko a jikinsu, muka ɓulla Paje, muka bi gaɓa zuwa Jambiani. Na sauka ina neman teku, sai na tarar ba ta nan. Ta ja baya fiye da kilomita guda, ta bar farin yashi da 'yan kududdufai, kwale-kwale na kwance a kan gefensu. Can nesa mata ne a zaune cikin ruwa iya ƙugu da zannuwansu, suna ɗaura wani ganyen teku da suke kira mwani a jikin igiyoyin da aka ja tsakanin turaku, layi-layi kamar kunyar gyaɗa. Can bayansu kuma wani farin zare ne ya miƙe daga kudu zuwa arewa, inda raƙuman ruwa ke fashewa. Wannan zaren shi ne katangar murjani. Mu Kwara takan yi wata da watanni kafin ta cika ko ta janye. Su tasu sau biyu take tafiya ta dawo a kwana guda.

Murjanin da na sani shi ne jan dutsen da ke wuyan kakata, wanda asalinsa daga Bahar Rum fatake ke kawo shi. Na nan ɗan uwansa ne, amma aikinsa gini. Wata 'yar halitta ce mai taushi da ke yi wa kanta gida da farar ƙasa, ta mutu wata ta ɗora a kai, shekara dubbai, har abin ya zama tsauni a cikin ruwa. A cikin naman jikinta akwai wani gansakuka da ke dafa mata abinci da hasken rana. Shi ya sa zancen murjani duk zancen haske ne, kuma da an yi ƙasa haske ya ragu, sai gari ya canza, mazauna su canza.

Mai masaukina ya haɗa ni da wani masunci da zai fita bayan katangar. Muka yi ciniki da hannu da ka, ya ce min saa kumi na moja. Na riga na koyi ƙirga, kumi na moja goma sha ɗaya ke nan, don haka ban nemi tafinta ba. Na kwanta da niyyar in yi sallar asuba in koma barci. Ko kiran farko ban ji ba sai bugun ƙofa. Ashe su daga fitowar rana suke fara ƙirga sa'a, ƙarfe bakwai na safe ita ce sa'a ɗaya, sa'a goma sha ɗaya ta dare kuwa ƙarfe biyar na asuba ce. Mzee, haka kowa ke kiransa, ya tsaya na yi alwala muka yi sallah tare a kan yashi, sannan ya nuna min ruwan da ya dawo har gindin itatuwan kwakwa, ya karkaɗa yatsa. Na gane: wannan ba ya jiran kowa.

Ngalawa sunan jirgin. Gungumen mangwaro ne aka fafe, siriri, da fukafukan katako biyu hagu da dama masu hana shi kifewa, da filafilai mai kusurwa uku da aka yi wa faci ya fi goma. Shi da ɗansa ne, ni na uku. Muka miƙe a kan ruwa kore shar wanda kana ganin yashin ƙasansa, har muka iso wata 'yar kafa a jikin katangar, suna ce mata mlango, wato ƙofa. Da muka fita ta ƙofar nan, cikin abin da bai fi ƙiftawa goma ba ruwan ya tashi daga kore ya koma shuɗi, daga shuɗi ya koma kamar ruwan baba a karofi. Jirgin ya fara hawa da sauka. Jikan masuntan Yawuri ya rungume gefen jirgi ya amayar da shayin da ko gama sha bai yi ba. Yaron ya kau da kai don kunya, Mzee kuwa ya miƙo min ɓawon lemo ya ce in shinshina.

Ba su da na'urar auna zurfi. Da igiyar fatsa suke awo, a ware hannu biyu daga yatsa zuwa yatsa, su ce pima. Gabarmu ce sak, wadda masu haƙar rijiya ke ƙirgawa da ita. Na yi lissafi a ka, mita saba'in ta kusa gaba arba'in. Da cikina ya lafa na roƙi Mzee ya kai mu inda dalma za ta yi arobaini kafin ta taɓa ƙasa. Wannan kalmar ba ta buƙaci tafinta ba. Muka ƙara gaba kaɗan, ya sauke filafilan, ya ɗaura ƙugiya da ɗan yankin ngisi, wani ɗan uwan pweza mai farin nama, ya ba ni igiyar ya ce in sake da kaina.

Na fara saki ina ƙirgawa. A gaba biyar ina ganin farin naman yana juyi. A goma ya zama ɗigo. Daga sha biyu ban sake ganinsa ba, sai igiya kawai da ke shiga cikin duhu a karkace. Ashirin. Talatin. Hannuna ya gaji da warewa. Rijiyar gidanmu da muke ganin ta da zurfi gaba tara ce. A talatin da takwas na ji wani ɗan dum a yatsa, igiya ta saki. Na zauna riƙe da ita ban ce komai ba. Iyakar kusancina da shi ke nan, zare ɗaya tsakanin yatsata da unguwarsu, in ma unguwar tasu ce.

Kifin da ya ci ƙugiyar ba shi ba ne, bakinsa ma ba zai iya ɗaukar ta ba. Wani ja ne mai kimanin tsawon kamu. Amma yadda ya iso ne ya tsaya min a rai. Idanunsa sun firfito waje kamar za su faɗo, ga wani abu ruwan hoda ya cika masa baki ya kumbura. Na ɗauka harshe ne, yaron ya nuna cikinsa: tumbinsa ne ya fito. Ko shure-shure bai yi ba. Kowace mita goma da aka yi ƙasa, ruwa na ƙara wa jiki nauyi daidai da na dukkan iskar da ke kanmu a doron ƙasa. A mita saba'in ya zama ninki takwas ke nan. Kifi yana da 'yar jakar iska a ciki wadda ke daidaita masa tsayuwa a ruwa, to in an fizgo shi sama da sauri sai iskar ta buɗe, ta tura duk abin da ke gabanta waje. Saboda wannan matsala ce mutanen cibiyar Kalifoniya suka ƙera wani tulu mai murfi da suke kira SubCAS. A can ƙasa ake sa kifin a rufe, a hau da shi da nauyin ruwansa, sannan a yi kwana biyu ko uku ana sassauta masa kaɗan-kaɗan har ya saba da sama. Mzee dai ya tsoma yatsa ya mayar da tumbin, ya jefa kifin cikin kwando.

Kwana na uku na biya kuɗin nutso na 'yan koyo. Mai koyarwar wani matashi ne ɗan garin, yana ta kira na kaka, kaka. Na shafa gemuna na ce ashe furfurar ta fito haka, sai daga baya na gane a bakinsu kaka yaya ne. Ya ɗora min tukunyar iska a baya, ya ɗaura min ɗamarar dalma, ya ba ni tabarau mai rufe hanci da takalman roba irin ƙafar agwagwa. Muka yi sa'a guda a ruwa iya ƙirji yana koya min abu biyu: kada in riƙe numfashi ko sau ɗaya, kuma da na ji kunne ya toshe in matse hanci in hura a hankali. Ɗan koyo mita 12 ce iyakarsa. Ya ce ko da kuka zan yi ba zai ƙara min taku ɗaya ba.

Ba zan ɓoye ba, mita ukun farko addu'a kawai nake yi. Kunnena na hagu ya ƙi buɗewa, sai da muka koma sama kaɗan muka sake. Daga nan sai komai ya yi tsit, ban da ƙarar numfashina. Da muka daidaita a ƙasa ya zaro wani jan murfin kwalba daga aljihunsa, wanda ya nuna min tun a jirgi, ya ɗora a tafin hannuna. Ya koma ƙasa-ƙasa, kusan baƙi. Ya haska shi da tocila, jan ya dawo, ya kashe, ya tafi. Ruwa ja yake fara shanyewa, sai ruwan lemo, sai rawaya, shuɗi ne ke kaiwa can ƙasa. Nan take na tuna hoton da ke wayata. Wannan shunayyar da ruwan hodar da nake ta nuna wa mutane, hasken kyamara ne ya fito da su. A gidansa ba haka yake ba, ko kuma ba haka idonmu zai gan shi ba. An gwada wani ɗan uwansa na tekun Indonesiya an ga jikinsa na karɓar shuɗin haske ya mayar da shi ja, kuma mazan suna ganin wannan jan a jikin juna har su yi faɗa a kansa. Suna da adonsu da suke yi wa junansu, ba don mu ba.

A kan wani curin murjani mai kama da ƙwaƙwalwa na ga wanzami. Ɗan siririn kifi ne, shuɗi da fari da baƙin layi daga baki har wutsiya, shi ma gidansu ɗaya da wanda na zo nema. Wani ƙaton kifi mai ɗigo-ɗigo, wanda loma ɗaya zai yi da shi, ya zo ya tsaya cak, ya wangale baki, ya buɗe marfin kunnuwansa. Ɗan ƙaramin ya shiga ta baki yana tsince masa ƙwari da matacciyar fata, ya fito ta kunne, ya zagaya ido. A bayan ƙaton wasu biyu na jiran layi, ba mai ture wani. Na daɗe a wurin har matashin ya taɓa ni ya nuna agogon iska.

Kafin mu hau ya ja ni zuwa inda daɓen ya ƙare. Ya riƙe ɗamarata ta baya, na leƙa. Gangare ne ya tafi ƙasa, murjanin na raguwa, tsakuwa na ƙaruwa, har komai ya narke cikin shuɗi. Ba duhu ba ne irin na dare. Ya fi kama da sararin sama bayan magariba, sai dai a ƙarƙashinka yake. Na ji ƙafafuna sun yi sanyi.

Da yamma muna shan kahawa a bakin wani shago na nuna masa hoton. Shekararsa tara yana nutso a wannan gaɓa, bai taɓa jin labarin kifin ba, kuma bai taɓa wuce mita 40 ba, don nan ce iyakar masu tukunyar iska ta yau da kullum. Ƙasa da haka iskar da muke shaƙa ita kanta takan zama abokiyar gaba. Naitirojin ɗin cikinta yana bugar da mutum kamar ya sha abin maye, oksijin kuma in nauyi ya yi yawa guba yake zama. Masu zuwa can sai sun gauraya iskarsu da hiliyom, su goya wata na'ura mai tace numfashin da suka fitar ta maido musu da shi. 'Yan mintoci suke yi a ƙasa, sannan su shafe sa'o'i suna hawowa daki-daki, don in suka yi gaggawa jininsu zai yi kumfa kamar kwalbar lemon da aka girgiza aka buɗe. Jiragen binciken ƙarƙashin teku kuma tsada gare su, in an ɗauko su can ƙasa sosai ake kai su. Sai ya zamana tsakanin mita 30 zuwa 150 an bar shi a tsakiya, ya yi wa na sama nisa, ya yi wa na ƙasa kusa. An daɗe ana fatan cewa in zafin ruwa ya ƙone murjanin sama, kamar yadda ya yi a wannan gaɓa a 1998 da 2016, na ƙasan zai zama rumbun iri. A 2018 Rocha da abokan aikinsa suka wallafa binciken da ya rage wa wannan fata ƙarfi: kifayen ƙasan daban ne da na sama, kuma ko a can sun tarar da shara da tsinkakkun igiyoyin fatsa. Na tuna dalmar Mzee, na yi shiru.

Matashin ya tambaye ni me ya sa Wakanda, alhali ga Unguja, ga Jambiani, ga Kiswahili cike da kalmomi. Tambayar da ni ma na taho da ita ke nan. A 2022 an raɗa wa wani ɗan uwansa na tsibiran Maldibs suna finifenmaa, wato furen wardi a harshen Dibehi na mutanen wurin, kuma cikin masu raɗin har da ɗan ƙasar, Ahmed Najeeb. Wannan ya fi kwanta min. Kifin Afirka na gaske, a ruwan Afirka na gaske, a ce sai an aro masa sunan Afirkar da aka zana a Amurka, akwai abin da ke sosa rai a ciki. Amma in zan yi adalci, da sun kira shi da sunan wani farfesa ko wani ƙauye, da labarin bai iso wayata ba, da kuma ban hau ngalawa ba. Sunan ya yi aikin da aka ɗauke shi ya yi.

Wani abin kuma, sunan ma ba lallai ya zauna ba. A wancan binciken na 2022 masu shi sun koma kan wani kifi da aka raɗa wa rubrisquamis tun 1983, daga ɗan jariri guda ɗaya tak da aka kama a tsibiran Chagos, fiye da kilomita 3,000 gabas da Zanzibar. Da aka samu hotunan manyansa sai aka ga kamarsu da na Zanzibar ta yi yawa. Ba su yanke hukunci ba, sun bar shi sai an samu ƙarin samfuri. Amma ƙa'idar masana ita ce sunan farko shi ne sunan yanka. In ta tabbata kifi ɗaya ne, Wakanda ta koma laƙabi. Na yi ƙoƙarin bayyana wa matashin haka, ya ɗaga kafaɗa ya ce shi dai pono ya sani.

Daren ƙarshe, da intanet ta ɗan kama, na tura wa Kawu hoton ta WhatsApp tare da dogon bayani na murya: zurfin, da matar da ke zama miji, da launin da barasa ta kasa cirewa. Shi ne kaɗai ya rage a cikin 'ya'yan kakana da har yanzu yake jefa birgi. Sai da na idar da sallar isha amsarsa ta shigo, ana jin kukan kwaɗi a bayansa.

"Ɗan boko, ka ce gaba nawa? Arba'in? Kai da hannunka ka auna?" Ya yi shiru, na ji yana gaya wa wani a gefe. "To shi wannan guda nawa ne zai cika tukunya?"

Saƙo na biyu ya biyo baya. Ya ce in maimaita sunan. Na maimaita sau biyu, a hankali, gaɓa-gaɓa. Ya gwada ya kasa, ya yi tsaki.

"Bar wannan. Na sa yara sun buɗa min hoton na duba. Ai ɗan Kura ne, ka ga shunin yana ƙyalli. Sai dai shi rawanin ɗan Kura yana zuba a goshi, wannan kuwa ka ce ba ya zuba. In za ka taho ka sayo min ƙugiyoyinsu in gani, masu lamba ƙanana."